Batirin Malam Bawa

Kwanan baya wani saurayi ya kawo mini batir a bayan babur, ya dire shi a ƙofar rumfata yana huci. Wata huɗu da saye, in ji shi, ga shi ya mutu murus, lalle an cuce shi a kasuwa. Kwale-kwale gare shi, ya kafa masa allon sola kamar yadda kowa ke yi yanzu a kogin nan namu na Wudil. Na ce ya faɗa mini abin da batirin ke ja. Ya ce fitila biyu, da ɗan famfon kwashe ruwa, da wayarsa, da wayoyin abokansa, da akwatin kiɗa.

"Duk a batir ɗaya?" na ce.

"Baba, ai rana kyauta ce," in ji shi.

Rana kyauta ce, ban musa ba. Amma batir rumbu ne, abin da aka zuba shi ake ɗiba. In aka yi kwana uku ana marka, hadari ya rufe sama, allon nan ba ya zuba abin kirki, kai kuwa kana ta ɗiba safe da yamma har ka kankare gindi. Batirin da ake kankarewa ba ya tsufa, ko na wace ƙasa ne. Ku yaran yanzu kun ɗauka aikin ja da baƙi ne kawai: a maƙala jar waya nan, baƙa can, shi ke nan an zama injiniya. Ni Haladu na fi shekara hamsin ina shaƙar warin asid, kuma haɗa waya shi ne mafi sauƙi a cikin sana'ar. Mai wuyar shi ne sanin abin da ya rage a ciki, da faɗa wa mai kaya gaskiyar abin da ka sani. Wannan na biyun na taɓa kasawa sau ɗaya, wani bawan Allah ya rasa sana'ar da ya gada.

Aikin farko da maigidana Malam Tanimu ya ba ni a Kano shi ne tarar ruwan sama. Damina guda ban taɓa waya ba. Ba ruwan indararo ba, wannan ya kwaso tsatsar kwano. A tsakiyar fili ake kafa baho, a bar ruwan farko ya wanke sama, sannan a tara, a tace da farin ƙyalle, a ɗura a kwalabe a toshe. Da shi ake ƙara wa batir ruwa duk shekara, don ruwan rijiya yana da kanwa, kashe batir yake yi a hankali ba a sani ba. Wata rana lalaci ya kama ni na cika kwalba biyu da ruwan famfo. Malam Tanimu ya ɗiga a harshensa, ya tofar, ya sa na zubar da kwalaben rumfar gaba ɗaya na koma jiran hadari. Bai dake ni ba. Da ma dukan ya yi da na fi jin daɗi.

A lokacin ba a yar da batir don ya mutu. Samansa da kwalta aka liƙe shi, sai a gasa ƙarfe a narke, a zaro ɗakin da ya lalace cikin ɗakunansa shida, a canza masa farantin dalma, a mayar. In kan batir ya cinye, mu narka dalma a gwangwani mu zuba sabo. Asid kuwa ba ya barin riga. Duk tufar mai batir rariya ce, in ka je zance da ita tun daga zaure ake sanin sana'arka.

Kayan aikin da Malam Tanimu ya fi ji da shi shi ne kwalbar awo. Dogon gilashi ne da kan roba, a cikinsa akwai ɗan ƙaramin gilashi mai iyo. Ka matsa robar ka zuƙo ruwan batir, in ɗan ya taso sama zuwa kore, batir ya ƙoshi. In ya nutse zuwa ja, yunwa yake ji. Ramuka shida ne a batir, kowanne sai ka auna shi. Masu kaya ba su san wannan ba, su tartsatsi suka sani. A ɗauki guntun waya a goga kai da kai, wuta ta yi fat, sai ka ga mutum ya washe baki ya ɗauki kayansa. Alhali batirin da ya kusa ƙarewa ma yana ba da tartsatsi, balle wanda aka sauke daga caja yanzu da ɗuminsa. Malam Tanimu yakan ce, "Tartsatsi na mai kaya ne. Kwalba taka ce, kai da Allah."

Na dawo Wudil a shekarun da kuɗin man fetur ya malalo. Kano gini ake ba dare ba rana, tifofi sun yi layi a bakin kogi suna jiran yashi, lebura ma ya sayi rediyo mai kaset. Kowa batir yake so. Na kafa rumfa a kan gangaren da ke sauka kogi, da caja ɗaya mai ɗaukar batir shida, da ɗan janareta don ranar da aka ɗauke wuta. Ban yi wata uku ba na yi aure, na auro 'yar Malam Hadi na Kausani, dattijo mai almajirai da daraja, wanda ko sunansa ba na iya kamawa a lokacin.

Batirin jirgi na farko da na taɓa haɗawa na Malam Bawa ne. Mai fito ne gaba da baya, ubansa da kakansa duk a ruwa suka tsufa. Da damina, in hanyoyi suka yanke, shi ke ɗauko mutanen ƙauyukan da ke sama da mu a bakin kogi ya kawo su kasuwar Juma'a. Mai fito ba shi da wani jari sai sunansa, na Malam Bawa kuwa ya kai inda ya kai: ana cewa shekara talatin yana tuƙi bai taɓa jiƙa wa kowa riga ba. Tsofaffin mata sukan bar jirgi biyu su wuce, su zauna a rana suna jiran nasa.

Da zamani ya zo, sai ya sa aka ƙera masa babban jirgin katako, wani makanike ya ɗora masa injin tsohuwar babbar mota da farfela. Sauran masu fito suka yi ta taɓe baki, wai Bawa ya maida kogi titi. Injin yana da lafiya, sai dai aibi biyu. Dainamonsa ya mutu, don haka ba ya mayar wa batir komai. Kuma an zaunar da shi can ƙasa, babu inda za a sa hannu a murɗa shi. Ke nan duk tashi ɗaya daga batir ake yanka, ba a mayarwa.

Shi ma Malam Bawa yana da nasa aibin, rediyo. Ko alwala yake yi yana rataye a reshe yana magana. Da ya zo rumfata, cewa ya yi in haɗa masa yadda injin da rediyon za su ci a akushi ɗaya.

Na ce, "Baba Bawa, ba zan yi ba. Biyu za ka saya."

"Kai, Haladu! Daga zuwa sai ka yanke ni? Jirgi ɗaya batir biyu, mata ne?"

"Ƙarami na rediyo, ka sha kiɗanka har ya mutu, ba ruwan kowa. Babba na inji. Wannan ba na kiɗa ba ne, na rai ne. In injin ya tsaya a tsakiyar ruwa, shi kaɗai ne zai tashe ku."

Ya dube ni ya ce, "Yaro da gaskiyarka." Na yagi jan ƙyalle na ɗaure a hannun babban don kada a ruɗe. Ya ɗora tafinsa a kai ya ce in Allah ya yarda ba abin da zai taɓa shi sai inji. Mutum ne da ba ya magana biyu. Muka tsara: ranar Laraba ya kawo, ya kwana a caja a hankali, Alhamis da yamma ya ɗauka, Juma'a da asuba ya hau sama ya ɗauko 'yan kasuwa. Damina biyu muna haka, ko tari injin bai taɓa yi ba.

A damina ta uku, wata Alhamis da hantsi, ina durƙushe ina narka dalma sai na ji sallama. Na ɗaga kai, surukina ne da kansa a kan keke. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa taka rumfata ba. Na ture gwangwanin na zube ƙasa.

"Barka da hantsi, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Malam Haladu. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baba. Ya mutan gida? Ya damina?"

"Damina ta yi albarka. Ya aiki?"

"Da godiya, Baba."

Sai da muka gaisa muka sake gaisawa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Ɗansa ya sauke Alƙur'ani, yau ake walima, an aro lasifika daga gari, amma wanda ya yi alkawarin batir ya saɓa. Malamai sun fara taruwa. A shekarun nan walimar da ba lasifika kamar ba a yi ba ce, kowa so yake a ji karatun ɗansa har ƙauyen gaba.

Na duba rumfa. Biyu a buɗe suke ina gyara, uku ƙanana ne ba su kai rabi ba. Mai jan ƙyalle kaɗai ke zaune a gefe, na auna shi da safe, ramuka shida duk kore. Idon Malam Hadi ya sauka a kansa.

"Wancan babban fa?"

Kaina a ƙasa na ce, "Baba, na mutane ne."

Ya yi murmushi. "To mu dabbobi ne? Karatun Alƙur'ani zai ɗauka, ba kiɗa ba. Ai albarka ma zai samu, mai shi ya gode maka. La'asar ta yi ya dawo."

Wanda bai taɓa durƙusawa gaban suruki ba ba zai gane ba. Na san amsar da ta dace, tana bakina. Lasifika ba ta san bambancin karatu da kiɗa ba, wuta kawai take sha. Amma ta ina zan fara gaya wa malami haka, a ranar saukar ɗansa, ga shi ya tako da ƙafarsa? Da hannuna na kwance jan ƙyallen na sa a aljihu, na ɗaure masa batirin a bayan keke, har ina ce masa a bi a hankali wajen gargada.

Bai dawo da la'asar ba, sai la'asar sakaliya. Wanda ya kawo shi ya ce walima ta yi kyau ƙwarai, tun hantsi ake karatu da wa'azi, ba a tsaya ba sai da muryar lasifikar ta shaƙe don kanta. An ɗauke wuta tun azahar. Janareta kuwa man da ke cikinsa bai fi kwalba ba, don ƙasar mai ce amma a makon nan layi ake kwana a gidan mai. Na tayar da shi, na murɗe caja har ƙarshe, abin da Malam Tanimu ya hana ni tun ina yaro. Wajen awa guda ya yi, mai ya ƙare. Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani. Na goge batirin, na mayar da ƙyallen.

Kafin magariba Malam Bawa ya iso, rediyo a kafaɗa.

"Mai wuta! Mutumin nawa ya ƙoshi?"

Kwalbar awo tana rataye a ƙusa, hannuna yana iya kaiwa daga inda nake. Ban ɗauko ta ba, don na san abin da za ta ce. Guntun waya na ɗauka na goga. Wuta ta yi fat, shuɗiya, har ya ja da baya yana dariya.

"Madalla. Kogi ya kawo sosai bana, gobe sai da shiri."

Ya saɓa shi a kafaɗa ya gangara. Na tsaya ina lissafi a raina: tashi biyu kawai yake buƙata, ɗaya a nan da asuba, ɗaya a can in ya gama lodi. Biyu dai zai yi. Da wannan na rarrashi kaina. Kalma biyar ce ta gagare ni, in ce masa batirin nan bai cika ba. Da na faɗa, da ya fito da tsohon kwale-kwalensa, ko ya ɗauki majiya ƙarfi da gorar tuƙi su bi gefe.

Ranar Juma'a ban iya zama a rumfa ba. Tun hantsi ina bakin ruwa, wai ina duba batirin wani mai yashi. Kogi ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da ciyayi. Can na hango jirgin ya ɓullo daga kwana, cike da mutane da buhuna da awaki, har da wani bijimi a ɗaure a tsakiya. Lissafina ya yi, ya tashi sau biyu. Har na fara sauke numfashi.

Sai ƙarar injin ta canza, ta yi nauyi, ta ɗauke. Tsohon tarun masunta ne ruwa ya kwaso ya naɗe farfela. Wannan ba sabon abu ba ne, kusan kowace damina yana faruwa. A kashe inji, a leƙa da wuƙa a yanke, a sake tayarwa. Na ga Malam Bawa ya kwanta a bayan jirgin ya yanke, ya miƙe, ya kai hannu. Ruwa yana ɗauko sauti. Daga inda nake na ji sitata, wato abin tayar da injin, ta yi gurnani ɗaya, ta sake rabi, sannan ƙat, ƙat, ƙat. Duk mai batir ya san wannan ƙarar.

Gora ba ta taɓa ƙasa a irin wannan cikar, jirgi mai wannan nauyi kuma ba ya jin filafili. Ruwa ya ɗauke su gadan-gadan ya nufi gadar Wudil. Abin da Malam Bawa ya yi a 'yan mintocin nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ya daka tsawa kowa ya zauna, aka zauna. Ya sa maza suka tura buhuna ruwa, ya yanke igiyar bijimin. Ya kafa filafili a baya da dukan jikinsa har ya juya hancin jirgin, don da gefe ya daki ƙafar gada da kifewa zai yi da kowa a ƙarƙashi. Da hanci ya daka. Katako ya tsage, ruwa ya fara shiga, amma ya saƙale ya tsaya. Masunta da masu yashi suka yi ca a kwale-kwale, aka kwashe mutane ɗaya bayan ɗaya. Shi ne na ƙarshen fita.

Ba a rasa rai ba. An rasa hatsi da awaki da bijimin, wata tsohuwa ta karye a ƙugu, jirgin kuma kafin azahar ruwa ya ƙarasa shi da injin da baturan duka.

Kashegari aka taru a gindin tsamiyar ƙofar gidan babban masu fito, wanda muke kira Sarkin Fito. A al'adarsu in jirgi ya yi ɓarna sai an zauna an gano ko ƙaddara ce ko sakaci. In ƙaddara ce, a yi jaje, a taimaka wa mutum ya sake jirgi. In sakaci ne, ba ya ƙara ɗaukar mutane a jirgi. Masu kaya sun zo, dattawan ƙauyuka sun zo jaje. A cikinsu, a kan buzu a sahun gaba, har da surukina, yana jan carbi.

Kowa ya ji ƙarar sitata, don haka ba a yi musu ba cewa batir ne ya gaza. Abin tambaya shi ne wa ya shanye shi. Wani mai awaki ya miƙe ya ce tun da suka taso rediyo ke kiɗa a jirgin. Wata mata ta ce haka ne. Su ba su san batir biyu ba ne.

Malam Bawa ya ce, "Ranka ya daɗe, rediyo da nasa. Babban ban taɓa shi ba. Ga Haladu nan, shi ya kafa mini dokar, a tambaye shi."

Ya juyo ya dube ni da sakin fuska, irin kallon wanda shaidarsa ta iso. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Sarkin Fito ya ce, "Haladu, kai ne mai wuta. Da batirin nan ya bar hannunka, lafiyarsa ƙalau?"

Na saci kallon surukina. Kansa a sunkuye. In na faɗi gaskiya, na kama sunansa a bainar jama'a, na ce walimar saukar ɗansa ce ta fasa jirgi. Wannan ne dalilin da na riƙa ba kaina shekara da shekaru. Akwai na biyu, wanda ban cika son faɗa ba: in aka ji ina ba da aron batirin mutane, wa zai ƙara kawo mini nasa?

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gabansa na gwada. Ya ga tartsatsi."

"Bawa, haka ne?"

"Haka ne, na gani."

"To Haladu, batirin da ya cika, in ba a taɓa shi ba, tashi biyu zai kashe shi?"

Ba ƙarya aka ce in yi ba, tambayar sana'a aka yi mini. Na ce, "Ba zai kashe shi ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Malam Bawa ya juyo gare ni. Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba, kamar mai ƙoƙarin tuna inda ya san ni. Sarkin Fito ya ce abin da ciwo, don shi da uban Bawa tare suka yi tuƙi, amma rai ya fi kiɗa. Daga ranar Bawa ba zai ƙara ɗaukar mutum ba. Kaya dai, in akwai mai ba shi. Surukina ya shafa fatiha tare da kowa ya hau kekensa. Har ya bar duniya ban san ko ya gane batirin da ake magana ba, ni ban tambaya ba, shi bai tayar ba.

Ba wanda ya ba Malam Bawa kaya. Ya fito da tsohon kwale-kwalen ya ɗaure a mashaya, ya yi wata biyu yana zama a ciki daga safe zuwa yamma, mutane suna wuce shi suna shiga na wasu. Tsofaffin da ke jiransa a rana suka koma kau da kai. Da rani ya sayar da shi ya sayi shebur, ya shiga cikin masu loda wa tifa yashi, mutum mai furfura a tsakiyar samari.

In an tambaye ni muguwar shekara a sana'ata, mutane suna zaton zan ce shekarar da kuɗin mai ya janye, kaya suka yi tsada, faranti ya ɓace a kasuwa. Wannan wahala ce kawai. Muguwar shekarata ita ce wadda na fi kowace samun ciniki. Bayan abin da ya faru, duk mai jirgin inji a kogin nan ya zo a haɗa masa batir biyu. Na ƙara caja, na faɗaɗa rumfa. Ina ɗaura musu jan ƙyalle suna ce wa junansu, "Ka kiyaye fa, kada ka yi irin ta Bawa." Sunansa ya zama abin gargaɗi, a rumfata, a kunnena. Shi kuwa kullum da safe ta ƙofata yake gangarawa da shebur a kafaɗa, ya ce, "Mai wuta, an tashi lafiya?" in amsa. Wallahi da zagina yake da ya fi mini sauƙi.

Shekara tara ina ɗauke da abin nan. Sai da surukina ya rasu aka yi sadakar arba'in, sannan na ga ba ni da sauran abin fakewa. Wata ranar Talata da rani, da azahar, na rufe rumfa na gangara. Ruwa ya ja baya, yashi ya kwanta fari fat. Na same shi shi kaɗai a bayan wata tifa, sauran sun tafi cin abinci. Ya rame, bayansa ya ranƙwafa. Na gaishe shi, na durƙusa a kan yashin mai zafi, na faɗa masa duka: keken, da lasifikar, da kwalbar man, da kwalbar awon da ban ɗauko ba.

Ya dogara da shebur yana saurare har na gama. Sannan ya ce, "Tashi, yashin da zafi."

Na ce, "Baba Bawa, ka yafe mini. Zan je in faɗa, ko'ina ka ce."

"Ka faɗa wa wa?"

Bai jira amsata ba.

"Sarkin Fito yana kabari. Tsohuwar da ta karye tana kabari. Masu awakin nan yanzu mota suke hawa, an yi musu titi. Ranar nan mutum nawa ne a gindin tsamiya, Haladu? Za ka iya taro mini su?"

"Ba zan iya ba."

"To." Ya goge fuska da gefen rigarsa. "Ni fa shekara tara ina zargin kaina. Na ce ko na haɗa waya ba daidai ba, ko tsufa ne ya sa na maƙala rediyon a babban na manta. Har 'ya'yana na hana su ruwa, na ce hannun gidanmu ya lalace. Babban ɗana yana kwandasta, ƙaramin yana facin taya."

Wannan ban sani ba. Na ɗauka ya daɗe da gane ni ne, yana yi mini kawaici. Ashe gaisuwar da yake yi mini kullum da zuciya ɗaya yake yin ta. Hawaye ya zubo mini, ni da 'ya'yana huɗu a lokacin.

Na sake cewa, "Ka yafe mini don Allah."

"Yafiya ai dole ce, ina so Allah ya yafe mini. Na yafe." Ya tofa yawu a tafinsa ya gyara riƙon shebur. "Amma da a gindin tsamiya ka faɗa, da magana ce. Nan kuwa daga ni sai kai sai yashi."

Direban tifar ya leƙo ta taga ya buga ƙofa, yana cewa tsoho a yi sauri, rana tana yi. Malam Bawa ya ɗaga masa hannu. Ya dubi ƙafafuna.

"Ɗan matsa, Haladu. Kana tsaye a inda zan ɗiba."

Na matsa.